Hular Ja'afar a Ƙarƙashin Yashi

Ranar da kwali na uku ya iso gidanmu a Wangsa Maju, a nan Malesiya, na daina tambayar abin da ke ciki. Na riga na gane cewa duk abin da zai fito daga kwalayen nan ba shi da amfani a garin da ko da asuba sai an kunna fanka. Maigidana Ja'afar ya farke kwalin, ya zaro wasu takalma na roba mai tauri, kowanne kamar ƙaramin turmi, ya zura ƙafa ya fara zagaye falo yana ƙwas ƙwas a kan tayil. Tsohuwar da ke zaune a ƙasanmu ta bugo silin da sandar mofa. Ban ga laifinta ba.

Asalin abin bara ne. Jami'arsu ta tura shi da amininsa Tajuddeen zuwa Hokkaido, can arewacin Japan, su yi zango ɗaya a wani ɗakin bincike. Su biyun karatun zaftarewar ƙasa suke yi, wato me ya sa gefen dutse ke gocewa ya rufta kan titi. A can aka koya musu zamiya a kan dusar ƙanƙara, a filin da aka share aka gyara, ga lilo mai ɗaukar mutum ya kai shi sama, ga ma'aikata ta ko'ina. Shi ke nan fa. Mutumin Gwale da duk rayuwarsa bai san wata ƙanƙara ba sai wadda ake saye da azumi, ya dawo mini yana maganar dusa mai laushi da dusa mai nauyi kamar a cikinta aka yanke masa cibiya.

Bana kuma aka gayyace su taro a Sapporo, can Hokkaidon dai. Da taron suka tsaya da ban ce komai ba. Amma sun shirya in an tashi su wuce su hau wani dutse ta bayansa, inda babu lilo, babu ma'aikaci, babu wanda ya share komai. Mutum ya hau da ƙafarsa, ya zamo ya sauko. Kuma su biyu rak.

Ja'afar ya baje kayan a kan kafet yana yi mini bayani, ni kuwa ina tsinke zogale ina kallonsa. Ga allunan zamiya guda biyu, wato ski, dogaye, sirara. Ga wani ƙarfe a tsakiyar kowanne da ke kama takalmi: in za a hau sai a saki dunduniya mutum ya riƙa ɗaga ƙafa kamar mai tafiya, in za a sauko a kulle ta. Ga wasu dogayen ƙyallaye masu danƙo a gefe ɗaya da gashi a ɗaya gefen, waɗanda ya ce sunansu fata.

"Shafa ki ji," ya ce. "Ta nan sulɓi, ta nan kuma ta kama. Kamar bayan akuya. In ka manna ta a ƙasan ski, za ka tafi gaba amma ba za ka zame baya ba. Simple physics."

Na shafa, don a zauna lafiya. Sai na nuna sauran kayan da ya ture gefe: ƙaramin shebur mai naɗewa, wata doguwar sanda da aka karya gaɓa-gaɓa aka zura wa waya a ciki, da wata na'ura mai girman wayar hannu.

"Waɗannan fa?"

"Oh, safety ne kawai. Wannan bikon ne. Formality."

"Sheburin na mene ne, Abban Zuhra?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "In case."

"In case me?"

Ya koma kan takalmansa. Da ya fita masallaci na ɗauki waya na nemo amsar da kaina, kuma na yi nadamar nemowa. Na ga bidiyon gefen dutse guda, fari fat, ya tsage ya taho da mutum kamar an zazzage buhun gari. In dusar ta tsaya sai ta daskare ta yi tauri, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa. Babu motar asibiti da za ta zo a kan lokaci. Wanda ke tare da kai shi ne motar asibitinka. Kowa yana rataye da bikon ɗinsa a ƙirji, ƙarƙashin rigar sanyi, yana aika sigina. In an binne ɗaya, sai ɗayan ya juya nasa zuwa nema, ya bi kibiya da ƙarar har inda ta fi ƙarfi, ya haɗa sandar nan ya riƙa sokawa har ya ji jiki, sannan ya haƙa. Duk wannan a cikin kamar kwatar awa. Bayan nan, yawanci gawa ake haƙowa.

Ashe sheburin ba nasa ba ne. Na Tajuddeen shi ne nasa, nasa kuma na Tajuddeen ne.

Da ya dawo na ce, "Ku ɗauki jagora. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, sun san dutsen, suna duba rahoton dusar kowace safiya, sun san gangaren da ba a takawa."

"Guide na tourists ne, Sakina. Mu slope stability muke karanta."

"Na ƙasa kuke karanta. Jar ƙasar nan ta Selangor."

"Principle ɗin ɗaya ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma Tajuddeen ba zai so ba. Zai ga kamar na raina shi."

Nan ne raina ya ƙara ɓaci, don na san su. Ja'afar da Tajuddeen ba su taɓa ce wa juna a'a ba. Kara ta yi musu yawa har ta zama ciwo. Akwai wani shagon mamak, irin gidajen abincin nan na Indiyawa Musulmi, a Taman Melati da suka daɗe suna cin abinci kullum bayan Juma'a, kowa yana dawowa gida yana ƙorafin mai ya yi yawa, shinkafa ta kwana. Sai da ni da matar Tajuddeen muka haɗa zance muka gano cewa kowannensu yana zuwa ne don yana zaton ɗayan na son wurin. A bidiyon da na kalla kuwa, abin da aka fi nanatawa shi ne duk wanda hankalinsa bai kwanta da gangare ba ya buɗe baki ya ce a juya, kuma a juya. Waɗannan biyun za su bi juna har bakin rami, kowa yana cewa bismillah, kai ne gaba.

Na yi magana da daɗi, na yi da faɗa, na yi shiru na kwana biyu. Ko a jikinsa. Kullum da yamma sai ya saka takalman da jakar goyo ya hau matakalar bene tun daga ƙasa har hawanmu, wai motsa jiki, ya shigo yana ɗigar gumi kamar an tsamo shi daga rijiya. 'Yarmu Zuhra ta tambaye ni da Turanci ko Abba zai tafi duniyar wata ne.

Abu ɗaya ne Ja'afar ba ya tsallakewa: ba ya tafiya sai Hajiyarsa ta sa albarka. Ya kira ta a gabana ya ce mata bayan taro za su ɗan zaga su ga duwatsu. Ka ji fa, su ɗan zaga. Hajiya ba ta yi boko ba, amma ita ta haife shi.

"Ba ni Sakinatu," ta ce.

Na karɓa na gaishe ta.

"Ni ban san wannan abin ba, ban san ƙasar ba," ta ce. "Ke kina kusa. Ki duba mini. Ranar Asabar in na idar da walaha zan kira. In kin ce babu komai, na sa masa albarka. In kin ce da komai, to."

Ta ajiye mini dutsen gaba ɗaya a ka ta kashe waya. In na ce babu komai, na yi wa uwa ƙarya a kan ran ɗanta. In na ce da komai, na zama matar da ta kai ƙarar mijinta wurin uwarsa, kuma Ja'afar zai daɗe bai manta ba. Ya tsaya yana kallona da fuskar tausayi, irin ta yaron da ke son a bar shi ya je kallon ƙwallo.

"To ga sharaɗi," na ce. "Ranar Asabar bayan la'asar, kafin ta kira, tunda walahar gida yamma ce a nan. Zan binne bikon ɗinka a yashi. In Tajuddeen ya haƙo shi kafin kwata ta cika, zan ce wa Hajiya abin da kake so."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Boleh, na yarda. Minti biyar ma ya isa."

A jami'arsu akwai filin yashi da ake buga ƙwallon raga, bayan masallaci, gefen wata hanya da ke bi ta ƙarƙashin itatuwa. Na bar Zuhra wurin maƙwabta. Tajuddeen ya zo da nasa kayan a jaka, yana murmushi.

"Maman Zuhra, relax lah. Mun yi training ɗin nan a YouTube."

"Ni ma a can na yi nawa," na ce. "Ku juya baya, ku tafi can wajen ajiye motoci."

Na kunna bikon ɗin Ja'afar na saka a robar da muke tapau da ita, wato sayo abinci a kawo gida. Har zan rufe sai na kira shi na ce ya ba ni hularsa. Zanna bukar ce mai ruwan toka, wadda ya ɗaura aure da ita, yana ji da ita ƙwarai. Ya cire ta da kyar, ya miƙo. Na naɗe robar da hular a leda, na haƙa rami a kusurwar filin iya zurfin hannuna, na binne, na share sawu da reshe. Sannan na ce Ja'afar ya zauna a benci.

"Kai yanzu ba ka nan. Kana ƙasa. Ba ka magana, ba ka nuni."

Na saita ƙararrawar waya, na ɗaga wa Tajuddeen hannu.

Gaskiya ya fara da kyau, har na fara tunanin me zan ce wa Hajiya. Ya juya na'urarsa zuwa nema, ta fara ƙara a hankali, ɗit, ɗit. Ya taho da sauri yana bin kibiyar, ya ɗan kauce hagu, ya gyara. Ƙarar ta fara matsowa kusa da juna. Ya iso bakin hanyar nan ta ƙarƙashin itatuwa, saura ya tsallaka ya shiga yashi.

Sai ga Malam Sharif ya fito daga masallaci.

Malam Sharif shi ne babbanmu a nan. Ya fi kowa daɗewa a Malesiya, yana koyar da shari'a, shi ke raɗa sunan 'ya'yanmu, shi ake kira in ɗalibi ya shiga matsala. Kuma a makon nan ya dawo daga gida, inda ya je binne yayansa. Yana tafe a hankali da carbi, shi kaɗai.

Na ga lokacin da Tajuddeen ya gan shi. Ƙafarsa ɗaya ta riga ta taka yashi. Ya kalli na'urar, ya kalli Malam. Wallahi da ido na roƙe shi. Ya janye ƙafar, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Malam, barka da yamma. An dawo lafiya? Ya hanya? Ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa, Tajuddeen. Ya karatu? Ya iyali?"

Na'urar tana hannunsa tana ta ɗit-ɗit-ɗit, da sauri yanzu, don abin da take nema yana kusa. Malam ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Tajuddeen ya ga ai rashin ladabi ne babba yana addu'a wani abu yana ƙara. Ya sa yatsa ya kashe ta.

Na juya in ce wa Ja'afar ka gani ko, sai na tarar bencin babu kowa. Wanda dusa ta binne ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya je ya durƙusa kusa da mai cetonsa yana amin, amin. Kansa babu hula.

Na tsaya ni kaɗai a bakin yashi, na cika na batse, ga shi ba dama in yi magana. Ta'aziyya ce. Ni ma da na matsa sai da na rusuna na yi wa Malam gaisuwa yadda ta kamata. Aka yi wa mamaci addu'a, aka tambayi jinyar da ya yi, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, aka taɓo tsadar tikitin jirgi. Malam yana cikin ba da labarin yadda aka yi jana'iza ƙararrawar wayata ta kaɗa.

Kowa ya juyo.

"Lafiya, Sakinatu?" Malam ya tambaya. Sai a lokacin ya lura da shebur da sandar da ke rataye a bayan Tajuddeen. "Me kuke nema a nan?"

"Ja'afar muke nema, Malam," na ce. "Yana ƙarƙashin yashin can. Yanzu lokacinsa ya cika."

Malam ya kalli Ja'afar da ke durƙushe a gabansa, ya kalle ni. Na yi masa bayani a taƙaice: dutsen, dusar, kwatar awa, su biyu babu jagora. Ya dai matsa ya zauna a bencin da Ja'afar ya bari, ya ce, "To ku ƙarasa mana. Ba a barin mutum a ƙasa."

Ja'afar ya miƙe yana 'yar dariya. "Sakina, wannan ai ba fair ba ne. A kan dutsen babu Malam. Ba wanda za a gaisar."

"Akwai Tajuddeen," na ce. "Akwai kai. Wa zai ce wa wani a juya?"

Tajuddeen ya miƙe. Ya kunna na'urar, ya jira ta farfaɗo, ya shiga yashin. Ya sunkuya yana jan ta a ƙasa-ƙasa, gaba da baya, har ya sami inda ƙarar ta fi. Ya zaro sandar zai haɗa, gaɓoɓin suka ƙi shiga juna don bai ja wayar ta kulle ba, sai da ya sake. Ya soka nan, ya soka can, a karo na ban san nawa ba ta daki roba. Ya buɗe sheburin ya fara haƙa, yashin yana komawa ramin yana sake kwashewa. Wannan fa yashi ne, a inuwa, babu sanyi, babu safar hannu, babu tsoro. Gumi ya jiƙa masa riga. Babu mai dariya yanzu.

Ya ciro ledar. Ashe bakin sheburin ya farke ta. Ya zaro hular, yashi ya cika ta, gefe ɗaya ya lotsa. Ya tsaya a durƙushe a bakin ramin yana riƙe da ita da hannu biyu, yana kallonta.

A daidai nan wayata ta yi ƙara. Hajiya.

Duk makon nan ina shirya abin da zan ce mata, amma da na ga sunanta sai na ji ba ni ce ya kamata in yi magana ba. Na taka cikin yashin, na amsa, na buɗe lasifika, na miƙa wa Tajuddeen.

"In abin ya faru ai kai za ka kira ta," na ce masa a hankali. "Ba ni ba. Fara koya."

Ya karɓa don ba ya iya ƙin karɓa. Muryar Hajiya ta fito tar.

"Sakinatu?"

"Hajiya, Tajuddeen ne. Ina kwana. An tashi lafiya?"

"A'a, Tajuddeen, kai ne? Lafiya lau. Ya karatu, ya maiɗakin naka? Kuna tare ke nan." Sai kuma ta ce, "Ina Ja'afarun?"

Tajuddeen ya buɗe baki. Ya kalli hular da ke ɗaya hannunsa, yashi na zuba daga cikinta a kan gwiwarsa.

"Tajuddeen? Kana ji na? Na ce ina Ja'afaru?" Muryarta ta canja. Duk wanda ya taɓa samun kira daga nesa ya san wannan canjin. "Me ya faru? Me ya sa kai ka ɗauki wayarta?"

Ja'afar ya tsallake ramin ya fizge wayar. "Ga ni, Hajiya. Ga ni nan. Lafiyata ƙalau, wallahi ga ni."

Muka ji ta sauke numfashi, tana salati ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce, "Kada ku ƙara yi mini haka."

"Ba za a ƙara ba."

"To, maganar duwatsun fa? Me Sakinatu ta gani?"

Ja'afar ya kalle ni. Na kau da kai, na bar shi da uwarsa. Ya kalli Tajuddeen, wanda har yanzu bai tashi daga bakin ramin ba.

"Ni dai," Tajuddeen ya ce, da kyar, yana kallon ƙasa, "tun farko na so a ɗauki guide. Na ga kamar kai ne ba ka so."

"Ni? Ai kai na ga..." Ja'afar ya juya ya kalli abokinsa. Daga benci Malam Sharif ya girgiza kai yana jan carbinsa.

"Hajiya," Ja'afar ya ce, "akwai komai. Ba za mu je mu kaɗai ba. Za mu ɗauki wanda ya san wurin, mu fara koyo a hannunsa. Inda ya ce a tsaya, mu tsaya. In ya ce ba ranar hawa ba ce, mu zauna a masauki."

"Ba ni Sakinatu in ji daga bakinta."

Na karɓa na ce mata haka ne, kuma ni zan nemo mutumin da kaina. Sannan ta sa albarka, doguwa, har da Tajuddeen a ciki.

Da muka kama hanyar tashar jirgin ƙasa Tajuddeen ya miƙa wa Ja'afar hularsa. Ya buga ta a cinya, ya busa, ya gyara lotsawar da yatsa, ya ɗaga zai saka. Sai ya fasa, ya riƙe ta a hannu har gida.